Marke Yana Jiran Amsar Mijina

Anti Rahinatu, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara. Na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana a garinmu ba tare da ta zaga unguwa kafin la'asar ba.

Ranar da maigidana ya cika kwana goma sha biyu da rasuwa, da hantsi, na jona wayarsa a caji. Sana'arsa gyaran injin ban ruwa, a nan Wudil, kuma ya tafi ya bar injinan mutane a shago. Masu su suna ta aike, ga rani, tumatir ba ya jiran kowa ya gama makoki. Na kunna wayar don in nemo lambobinsu. Tana kawo haske sai ga saƙo ta Wasaf, an rubuta: Marke yana jiran amsarka. Na danna, sai na ji muryar wani dattijo da ban sani ba, yana magana a hankali kamar mai karatun wasiƙa. Har yanzu ina iya kawo miki ita kaf. Ya ce: "Gawo, ga abin da na ji ka ce. Ka ce ƙaninka da kuka shekara shida ba kwa magana, kai ka fara ci masa mutunci, kuma a gaban mutane. Ka ce tun bara kake son ka je masa, abin da ya hana ka shi ne kada ya ce don ɗan takararku ya faɗi ka zo. Ka ce ka yanke shawara kafin azumi za ka shiga gidansa ko da korar ka zai yi. Haka ne, ko na ƙara gishiri?"

Anti, ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Gawo ɗin nan Malam ne, mijina. Ƙanin da ake magana kuwa Gwadabe ne, wanda katanga ɗaya ce tsakaninmu da shi. Wani mutum da ban san ko daga ina yake ba ya san abin da ke cikin zuciyar Malam, ni da na yi shekara ashirin da tara a ɗakinsa ban sani ba.

Ki yi haƙuri da rubutuna, firamare na gama sai Islamiyya. Bari in koma baya.

Lokacin da aka kawo ni gidan nan Gwadabe yana ɗan shekara goma. Ni na riƙa wanke masa kayan makaranta, ni nake ɓoye masa ƙanzo. Malam ne ya yi masa aure. Su biyu kaɗai mahaifinsu ya bari maza, gonarsu ɗaya a Kausani, injinsu ɗaya. Sai siyasa ta shigo. Malam yana wannan jam'iyya, Gwadabe yana waccan, da farko abin wasa ne, a ci tuwo ana tsokanar juna. Ranar wani zaɓe Gwadabe ya zama wakilin jam'iyyarsu a rumfar unguwarmu. Aka yi gardama kan wasu ƙuri'u, Malam ya ce masa a gaban layi, maza da mata suna ji, wai an saye shi da buhun taki. Gwadabe ya mayar masa da wadda ba zan rubuta ba. Kafin damina ta faɗi an raba gona, an ja katanga a tsakar gida. Masallaci ɗaya suke salla, wannan a ƙarshen sahu ta dama, wancan ta hagu. Liman ya yi nasa, mai unguwa ya yi nasa, gwaggonsu Uwa ta yi kuka har ta cire ɗankwali a gabansu. Kowa ya ce to, ya tashi da abinsa a ciki. Ni da Sumayya matar Gwadabe ta kan katanga muke miƙa wa juna naman salla, kamar masu sata.

To a ranar nan da nake ba ki labari, na ja saƙonnin sama, na ga sun kai wata goma sha ɗaya. Kowace Juma'a in ya dawo daga kasuwa nakan ga ya zauna a zaure da waya a bakinsa, na ɗauka harkar jam'iyya ce. Ashe wani shiri ne da wasu ɗalibai da malaminsu na jami'ar nan tamu suka haɗa. Na gane yadda yake ne daga saƙon farko da na'urar ta aiko. Ana haɗa mutum biyu da ba sa jam'iyya ɗaya, ba a nuna wa kowa lambar ɗan'uwansa, sai a ba kowa sunan itace. Kowa yana da minti uku ya faɗi nasa. Amma ba ka da damar mayar da martani sai ka maimaita abin da abokinka ya faɗa, shi kuma ya danna. Wurin dannawa biyu ne, ɗaya an rubuta Haka ne, ɗaya Ba haka ba ne. In ya danna na biyun sai ya gyara maka, ka sake.

Na yi kuka na yi dariya a wuri ɗaya. Maganar Malam ta farko ita ce: "Wai ni ne Gawo. An ce kai ɗan can ɓangaren ne. To Allah ya shirye ka." Marke ya ce amin, ni da kai. Da aka zo maimaitawa Malam ya ce, abin da na ji ka ce shi ne an yaudare ka kuma kana jin daɗi. Marke ya danna Ba haka ba ne. Sau bakwai na ƙirga a wannan makon kaɗai. A na biyar Malam ya ce, kai Marke danna mana, ko yatsan ya sage ne? Shi kuma ya ce, Gawo kunnenka irin na tsohon inji ne, sai an ja igiya sau goma. A na takwas Malam ya faɗi maganar mutumin daidai yadda take, ba ragi ba ƙari, da wata murya mai sanyi da ni ban san yana da ita ba.

Anti, wannan ne abin da ya fi ɗaure min kai. Malam mutumin kirki ne, bai taɓa barin mu da yunwa ba, amma ba ya jiran ka kai aya. Kana tsakiyar magana ya riga ya san ƙarshenta. Sai ga shi wata 'yar na'ura da yara suka haɗa ta zaunar da shi, ta sa shi ya saurara kamar ɗalibi a gaban allo. Abin da liman da gwaggo suka kasa. Ni ban san yadda ake haɗa irin wannan abu ba, amma na san Allah ne ya ba su basirar, kuma ina yi musu addu'a duk da ban san fuskar ko ɗayansu ba.

Ba su taɓa shiryawa a kan siyasa ba, kada ki ɗauka. Har ƙarshe kowa yana kan bakansa. Sun yi ta kan taki, sun yi ta kan hanya, sun yi ta kan makaranta. Amma a wata na huɗu Marke ya faɗi dalilin da ya sa ba zai taɓa zaɓen mutanen Malam ba. 'Yarsa ce ta rasu wajen haihuwa a bayan a-kori-kura, a kan hanyar kai ta asibiti, saboda ƙaramin asibitin ƙauyensu yana kulle a lokacin da mutanen Malam suke mulki. Da Malam ya zo maimaitawa, ana jin awakinmu suna kuka a bayansa, sai ya yi salati, ya faɗi labarin tun daga farko, har da sunan yarinyar. Bai kare kowa ba. Tun daga ranar suka fara gaisawa kamar mutane, ina gida, ina iyali, ya tarin naka. Daga nan ne kuma maganar Gwadabe ta fara fitowa, kaɗan kaɗan.

Ba duka ce mai daɗi ba. A watannin farko Malam ya faɗi abubuwa masu zafi a kan ƙaninsa, ya kira shi butulu, ya tono abin da ya yi masa tun yana yaro. Marke bai taɓa yi masa wa'azi ba, maimaita masa kawai yake yi. Wata rana Malam ya ji maganarsa a bakin wani, sai ya danna Ba haka ba ne da kansa, ya ce a'a, na faɗi haka amma ba haka ba ne. Saƙonsa na ƙarshe ranar Juma'a ya yi shi. Lahadi ya yanke jiki ya faɗi a bakin kogi yana ɗaura wa wani inji, hawan jini. Litinin da azahar Allah ya karɓi abinsa. Amsar Marke ta shigo ranar Talata, waya tana kashe a cikin aljihun rigarsa.

Gwadabe ya zo jana'iza. An ce shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Ya zauna kwana uku a ƙofar gida ana yi masa gaisuwa, amma har yau bai shigo ya yi min ta'aziyya ba, ni da na goya shi. Sumayya ta ce min ba ya cin abinci, ba ya zuwa gona, sai ya zauna ya zuba wa katanga ido yana cewa Yaya ya tafi yana fushi da ni. Ta ce ya rame har hula tana yi masa yawa. Ni kuma ina nan da wayar da muryar yayansa take ciki yana cewa ni na fara, ni zan je.

Za ki ce me nake jira. Ga abin da ya tsayar da ni. Kafin a fara shirin, kowa sai ya ɗauki alkawari da bakinsa cewa abin da aka faɗa a ciki amana ne, ba zai jiyar da kowa ba. Na ji Malam ya faɗa, har ya ƙara da cewa Allah ne shaida. Ni kaina da na saurara ina jin kamar na buɗe akwatin da ba nawa ba, na yi istigfari ban san iyaka ba. In na kai wa Gwadabe, na karya alkawarin mamaci ke nan, shi kuma ba shi da bakin da zai ce na yarda ko ban yarda ba? In kuma na kai masa ya ce sai ya ji duka, ya ji inda aka kira shi butulu a gaban baƙo fa?

Sannan ga bawan Allah Marke. Duk Juma'a wayar sai ta yi ƙara ta ce yana jira. Ba ni da lambarsa, ban san garinsu ba, sai dai harshensa kamar na wajen Gaya. Na'urar ba ta barin a aika masa komai sai an danna ɗaya daga cikin biyun nan. In na danna Ba haka ba ne za ta ba ni damar magana, amma na ƙaryata gaskiya. In na danna Haka ne, na amsa da sunan wanda yake kabari. Sau uku ina ɗora yatsana ina ɗaukewa. Ga ni cikin takaba, ban san ma ko ya dace in yi magana da namijin da ban sani ba.

Yau kwana arba'in da ɗaya. Azumi saura sati uku. Ban danna komai ba, Marke bai san abokinsa ya rasu ba, Gwadabe kuma bai ji ba.

Mai takaba, daga Wudil

*

'Yar'uwa, wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta, ya ba ki haƙuri da juriya. Na karanta wasiƙarki sau biyu kafin na iya ɗaukar biro. Shekarata goma sha huɗu a wannan fili, ban taɓa cin karo da irinta ba. Kin yi daidai da kika tsaya kika yi mamaki, ni ma na yi. Amma mamaki ba zai ciyar da Gwadabe ba, don haka mu shiga aiki.

Kada ki danna ko ɗaya. Tambayar nan Malam aka yi wa, ba ke ba, kuma zuciyarki ta riga ta gaya miki haka sau uku. Na'ura mutane ne suka haɗa ta, mutanen kuma suna nan cikin garinku. Ki duba saƙon farko da aka aiko, da wuya a rasa lambar masu shirin. In babu, ki tura wani babba da kika yarda da shi cikin 'yan'uwanki ya nemi malamin da ke kula da shi a jami'a. A gaya masa mai sunan Gawo ya rasu ranar kaza, iyalinsa suna roƙon a sanar da Marke da baki, a kira shi kamar yadda ake sanar da aboki, kada a aika masa rubutu. Mutumin nan sati shida yana jira. Wataƙila yana can yana zargin kansa cewa ya taɓo inda bai kamata ba har abokinsa ya gudu. Yana da haƙƙin ya sani, ya yi masa addu'a.

Maganar amana kuma, ba zan ce miki ba komai ba ce. Irin wannan shiri a kan alkawarin nan yake tsaye. Da Malam ya san wata rana za a kunna muryarsa a tsakar gida, da ƙila bai buɗe baki ba, kuma akwai wasu da yawa da ke magana a ciki yanzu saboda sun yarda ba za ta fita ba. Tsoronki yana kan hanya. Amma ki duba wa aka yi wa alkawarin. Marke aka yi wa, don a tsare sirrinsa da mutuncinsa. Labarin 'yarsa da duk abin da ya fito daga bakinsa nasa ne, ba ki da ikon jiyar da kowa, har Sumayya. Maganar Malam a kan ƙaninsa kuwa, ai shi da kansa ya ce kafin azumi zai kai ta gidan Gwadabe. Bai yi niyyar binne ta ba, ajali ne ya riga shi. A ganina isar da ita cika masa niyya ne. Duk da haka ki sa masu shirin su nemi izinin Marke a kan wannan saƙo guda ɗaya, tunda shi ne abokin alkawarin da ya rage. Ina kyautata zaton mutumin da ya yi wata goma sha ɗaya yana sauraron mijinki ba zai hana ba. Ni ba malama ba ce, don haka ki kuma tambayi malamin da kika amince da iliminsa da riƙon sirrinsa, ko malamarku ta Islamiyya, don ranki ya kwanta. Ki daina azabtar da kanki a kan sauraron da kika yi. Lamba kika je nema.

In izini ya samu, ga yadda nake ganin za ki yi. Kada ki tura saƙon zuwa wayar kowa, abin da ya shiga waya biyu ya shiga ɗari. Ki aika wa gwaggonsu Uwa, ki ce kina son ta kira miki Gwadabe. Takaba ba ta hana ki magana da ƙanin mijinki cikin hijabinki a gaban babba ba, kuma kada ki jira sai kin fita, watanni uku suna da yawa ga mutumin da ba ya cin abinci. Ki fara gaya masa da bakinki abin da zai ji, sannan ki tambaye shi ko yana so ya ji da kunnensa. In ya ce e, ki kunna masa saƙon Malam na ƙarshe, daga farkonsa har ƙarshensa, wayar tana hannunki. In ya tambayi sauran, kada ki yi masa ƙarya. Ki ce akwai, akwai ma na fushi a ciki, amma Malam da kansa ya janye su, kuma akwai amanar wani a haɗe da ba za ki buɗe ba. Zai fi yarda da mai daɗin in ya ga ba ki ɓoye masa cewa akwai mai ɗaci ba.

Ki shirya ranki, ba lallai ya yi abin da kike fata ba. Yana iya tashi ya fita. Yana iya yin kwanaki abin ya fi yi masa ciwo, don zai gane saura ƙiris yayansa ya shigo. Wannan ciwo ne mai warkewa, ya fi wanda yake ɗauke da shi yanzu. Kada ki kawo maganar katanga ko gona a ranar, ko da ya kawo ta ki ce a bari sai an huce. Kuma ki kula da wayar nan, ki ajiye ta inda yara ba za su taɓa ba, ki tambayi masu shirin yadda za a adana miki muryar Malam ita kaɗai.

Ke ma ki ci abinci, 'yar'uwa. Duk wasiƙarki kina lissafin wanda ya rame da wanda yake jira, ba ki ce komai a kan kanki ba.

Gobe da safe ki nemi lambar nan, a fara da sanar da Marke. Allah ya sa Gwadabe ya ji muryar yayansa kafin a ga wata, ya sanyaya zukatanku, ya kai haske kabarin Malam.

Taki, Anti Rahinatu